Fitilun rataye na Faransa masu ruwan zinariya

Fitilar rataye, wadda masu sayar da kayan lantarki ke kira shandaliya, fitila ce mai rassa da yawa da ake ratayawa a tsakiyar rufin ɗaki, kowane reshe yana ɗauke da kyandir ko ƙwan lantarki. Faransawa suna kiranta lustre. Waɗanda suka fi shahara a tarihin wannan sana'a su ne na birnin Paris, waɗanda aka ƙera daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa ƙarshen ƙarni na 19, da tagulla mai ruwan zinariya, aka kuma rataya wa da yawa daga cikinsu duwatsun kiristal. A yau ana samun su a fadojin Turai, da gidajen adana kayan tarihi, da wuraren gwanjon tsofaffin kaya. Ruwan zinariyar da ya ba su suna da zaiba ake yin sa, kuma tururin zaibar ya nakasa masu aikin da dama, ya kashe wasu.

Asali

Kafin zuwan gas da lantarki, babbar matsalar mai faffaɗan zaure ita ce haske. Kyandir ɗaya bai wuce fitilar aci-balbal haske ba. Na kitsen dabba yana da arha amma yana hayaƙi da wari, na kakin zuma kuwa yana ci da tsabta amma sai mai hali ke iya kunna shi da yawa. Faransawa har yau suna kiran kyandir bougie, daga sunan garin Bejaya na gaɓar tekun Aljeriya, wanda daga can ake kai musu kaki. Tunda kowane kyandir kuɗi ne, sai maƙera suka nemi hanyar ninka ɗan hasken da yake bayarwa. Zinariya tana mayar da haske, kiristal yana tarwatsa shi ko'ina cikin ɗaki. Saboda haka adon da ke jikin fitilar ba ƙawa ce kawai ba, wani ɓangare ne na aikinta.

Fitilun farko na itace ne ko baƙin ƙarfe, sai kuma na farar tagulla da ake yi a Holan da yankin da ya zama Beljiyam. A fadar Versailles, Sarki Louis na 14 ya mallaki na azurfa zalla. A shekarar 1689 kuɗin yaƙi suka ƙare masa, ya ba da umarni a narka kayan azurfar fadar a buga kuɗi da su, har da fitilun. Wannan ya nuna raunin kayan azurfa: duk kyawun aikin da aka yi musu, ranar da aka shiga matsi tukunyar narki za su koma. Tagulla mai ruwan zinariya ba ta da wannan haɗari, domin in an narka ta ba a samun abin kirki. Darajarta tana cikin aikin hannu, shi ya sa da yawa suka tsira har yau.

Yadda ake ƙera gangar jikin

Aikin yana farawa da zane a takarda. Daga nan masassaƙi ya fitar da samfurin kowane yanki da itace ko kaki. Mai zubi ya danna samfurin cikin yashi mai laushi da aka cusa a akwati biyu, ya cire shi, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Wannan ya bambanta da hanyar maƙeran Ife da Benin, waɗanda ke lulluɓe kakin da yumɓu su narkar da shi, samfurin ya tafi ke nan. Zubin yashi yana barin samfurin, ana iya maimaita reshe guda sau takwas ko goma sha biyu su fito daidai. Shi ya sa samfura suka zama dukiyar maƙeri, ana gadonsu, ana sayar da su, ana kuma shari'a a kan satarsu.

Ƙarfen da Faransawa ke kira bronze a wannan aiki mafi yawansa jan ƙarfe ne da tutiya, da ɗan kuza da darma. Yana fitowa daga yashi da kaushi. Mai zayyana ne ke zama da shi, ya kafa yankin a kan ƙaro don kada ya motsa, ya bi shi da 'yar guduma da ƙananan ƙarafa masu baki iri-iri, yana fitar da jijiyar ganye, da gashin tsuntsu, da silin gashin kai. A nan ake bambanta gwani da ɗan koyo, kuma a nan mafi yawan kwanakin aikin ke tafiya. Bayan an yi ruwan zinariya sai a harhaɗa yankunan a jikin sandar baƙin ƙarfe da ta ratsa tsakiyar fitilar, wadda ita ke ɗaukar nauyin duka.

Ba mutum ɗaya ke yin waɗannan ayyuka ba. Kamar yadda ƙasar Hausa ta raba maƙeran baƙi da maƙeran fari, haka Paris ta raba masu zubi da masu ruwan zinariya, kowa da ƙungiyarsa, sai dai a can doka ce ta raba su, kuma wanda ya shiga aikin wani ana iya kai shi ƙara. Dukansu biyu suna da'awar cewa zayyana tasu ce, rigimar ta daɗe har aka haɗe su ƙungiya guda a 1776. An rushe ƙungiyoyin sana'a gaba ɗaya a 1791, lokacin juyin juya hali, abin da ya buɗe ƙofa ga manyan masana'antu masu yin komai a wuri guda.

Ruwan zinariya da zaiba

Zaiba ƙarfe ce mai kamar ruwa, kuma tana narkar da zinariya yadda ruwa ke narkar da sukari. Mai aikin yakan yayyanka zinariya ƙanana, ya zafafa ta a kasko, ya haɗa da zaiba da ta ninka ta sau shida zuwa takwas. Sai ya zuba haɗin a ruwa, ya matse shi cikin fata mai laushi don rarar zaibar ta fita. Abin da ya rage yana da laushi kamar man shanu, launinsa fari-fari. Daga kalmomin Faransanci or moulu, wato niƙaƙƙiyar zinariya, aka sami sunan ormolu da 'yan kasuwar tsofaffin kaya ke amfani da shi.

Ana wanke tagullar da ruwan asid, a shafa mata wani ruwan da aka narka zaiba a ciki don haɗin ya kama, sannan a shafa haɗin da burushin waya. Sai a ɗora yankin a kan garwashi. Zaiba tana tafasa a ma'aunin zafi 357, tun kafin zinariya ko tagulla su ji komai, don haka takan tashi ta zama tururi, ta bar zinariyar manne da ƙarfen. Don aiki mai kyau ana maimaitawa sau da yawa. Daga ƙarshe a goge wuraren da ake so su yi ƙyalli da dutse mai santsi ko haƙorin kare, a bar sauran da dushi-dushi. Wannan saɓani tsakanin mai ƙyalli da mai dushi shi ne abin da masana suka fi yabawa, domin a hasken kyandir yana sa ganyen tagulla ya zama kamar yana motsi. Zinariyar da aka yi ta wannan hanya tana da kauri, tana shiga jikin ƙarfen, tana iya shekara ɗari biyu ba ta dusashe ba.

Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari, kuma mai aikin yana tsaye a kan garwashin yana juya yankin da awartaki. Yana shaƙar sa kullum. Alamar farko ita ce yawan miyau da ciwon dasashi, haƙora su fara girgiɗi. Sai rawar hannu, wadda likitocin Paris suka san ta sosai har suka danganta ta da masu wannan sana'a. Takan kai mutum ya kasa kai kofi bakinsa, magana ta sarƙe, ga saurin fushi da mantuwa. Iyalan da ke kwana a gidan da maƙerar take su ma ba su tsira ba.

Wani maƙerin tagulla mai suna André-Antoine Ravrio, wanda ya ga abin da idonsa a cikin ma'aikatansa, ya bar wasiyyar faran 3,000 da ya mutu a 1814, a bai wa duk wanda ya samo hanyar kare masu ruwan zinariya. Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta bai wa masanin haɗa sinadarai Jean-Pierre-Joseph Darcet kyautar a 1818, saboda murhun da ya tsara mai bututun hayaƙi da ke zuƙe tururin ya fitar da shi sama, nesa da fuskar mai aiki. Ya rage cutar, bai kawar da ita ba. Abin da ya sauya sana'ar shi ne ruwan zinariya na lantarki. 'Yan gidan Elkington na Birmingham a Ingila sun yi rajistar hanyar a 1840, Henri de Ruolz ya yi tasa a Faransa, Charles Christofle kuma ya sayi haƙƙin amfani da su a 1842. Sabuwar hanyar ta fi arha, ba ta cin zinariya da yawa, ba ta buƙatar ƙona zaiba. Duk da haka manyan maƙera sun ci gaba da tsohuwar hanyar don kaya masu tsada, saboda masu saye sun fi son launinta.

Kiristal

Kalmar tana nufin abu biyu. Na farko dutse ne na asali, fari garau kamar ƙanƙara, da ake haƙowa a tsaunuka irin na Alps, a yanka shi a Milan ta Italiya. Yana da tauri, yanka shi yana cin lokaci, don haka fitila mai irin wannan dutse sai sarki ko babban attajiri. Na biyu gilashi ne. A 1674 George Ravenscroft ya yi rajistar sabon gilashi a Ingila, wanda daga baya aka inganta shi da darma, ya zama mai nauyi, mai sauƙin yanka, mai tarwatsa haske zuwa launuka kamar bakan gizo. A ƙa'idar Turai ta yanzu, sai sinadarin darmar da ke cikin gilashi ya kai kashi 24 cikin 100 ake kiransa kiristal mai darma.

Faransa ta makara a wannan fanni, ta daɗe tana sayen gilashin Bohemiya da na Ingila. Masana'antar Saint-Louis da ke yankin Lorraine ce ta fara yin gilashi mai darma a ƙasar a 1781. Ta Baccarat, wadda Sarki Louis na 15 ya ba limamin cocin Metz izinin kafawa a 1764, gilashin taga da na yau da kullum take yi har Aimé-Gabriel d'Artigues ya saye ta a 1816 ya mayar da ita ta kiristal. Akwai ta uku a Le Creusot, mai suna masana'antar sarauniya, wadda sauran biyun suka haɗu suka saye suka rufe a 1832.

Maƙeran da suka yi suna

André-Charles Boulle (1642–1732) kafinta ne na sarki tun 1672. Da yake a cikin fadar Louvre yake da wurin aiki, dokar ƙungiyoyi ba ta hau kansa ba, yana iya zubi da zayyana da ruwan zinariya duk a hannunsa. Fitilun da ake dangantawa da shi tagulla ce zalla, masu kauri a tsakiya, rassa shida ko takwas, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa.

A zamanin Louis na 15 salo ya juya zuwa wanda ake kira rokoko, inda rassa ke murɗewa kamar kurangar inabi, ba a neman dama ta yi daidai da hagu. Gwanin wannan salo shi ne Jacques Caffieri (1678–1755), wanda mahaifinsa ya zo daga Italiya, yana aiki da ɗansa Philippe. Fitilu biyu masu ɗauke da sunansa da shekarar 1751, ɗaya mai kyandir 12 ɗaya mai 9, suna gidan tarihi na Wallace a Landan. A da suna hannun Louise-Élisabeth, 'yar sarkin da ta yi aure a Parma. A wannan zamani ne kuma aka yawaita fitila mai siffar keji, wadda tagullarta siririya ce, tsakiyarta a buɗe, an cika ta da manyan duwatsun kiristal.

Haƙa tsofaffin biranen Rumawa na Herculaneum daga 1738 da Pompeii daga 1748 ya dawo da sha'awar miƙaƙƙen layi da ado mai natsuwa. Pierre Gouthière (1732–1813), wanda aka naɗa mai ruwan zinariya na sarki a 1767, shi ake dangantawa da kammala ruwan zinariya mai dushi. An fi saninsa da fitilun bango da adon tukwane, amma hanyarsa ta shiga duk sana'ar. Ƙarshensa bai yi kyau ba. Manyan masu saye sun riƙe masa kuɗi, ciki har da Madame du Barry wadda ya yi wa aikin gidanta na Louveciennes, aka kuma kashe ta a 1793 ba ta biya ba. Ya karye, ya mutu a talauce.

Almajirinsa Pierre-Philippe Thomire (1751–1843) ya fi shi sanin kasuwa. Ya koyi sassaƙa wajen Pajou da Houdon, ya ratsa juyin juya hali lafiya, ya sayi kamfanin Lignereux a 1804, aka naɗa shi mai zayyana na Napoleon a 1809. Ma'aikatansa sun kai ɗaruruwa. Salon zamanin Napoleon yana da zobban tagulla da igiyoyin ƙananan kiristal da ke saukowa su haɗu kamar kwando, tare da gaggafa, da ganyen dabino, da siffofin Misira bayan yaƙin da ya kai can a 1798. Claude Galle (1759–1815) shi ma ya yi wa fadojin Napoleon aiki. Ɗansa Gérard-Jean ya ƙera wata fitila mai ban mamaki da ya nuna a baje kolin 1819: siffar balan-balan mai ɗaukar mutane, da shuɗin ƙwallo mai taurarin zinariya a tsakiya, kyandir 18, da kwanon gilashi a ƙasa da aka yi don a zuba ruwa a sa ƙananan kifaye. Akwai irinta a gidan tarihi na Getty a Los Angeles ta Amurka.

Watsuwa da ƙarni na 19

A 1793 da 1794 gwamnatin juyin juya hali ta yi gwanjon kayan Versailles, da yawa suka fita ƙasar, daga baya attajiran Ingila suka tara su. Fitilun da maziyarci ke gani yau a Zauren Madubai na fadar kwaikwayo ne da aka yi a ƙarni na 20.

Ƙarni na 19 ya kawo gas, sannan lantarki, fitilu suka ƙara girma. Ta gidan wasan Opera na Paris, wanda aka buɗe a 1875, Charles Garnier ne ya zana ta, nauyinta kimanin tan 7. Ranar 20 ga Mayu 1896 ɗaya daga cikin ƙarafan da ke daidaita nauyinta ya tsinke, ya fasa rufi, ya kashe mace guda. Masu saye ma sun faɗaɗa. Fadar Dolmabahce da Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya gina a Istanbul tsakanin 1843 da 1856 tana da fitilun Baccarat da matakala mai sandunan kiristal. A Paris kuwa kamfanoni irin na Ferdinand Barbedienne (1810–1892) da Henry Dasson (1825–1896) sun riƙa maimaita salon sarakunan da suka shuɗe, wani lokaci da kyau har ya rikita masana. Mafi yawan abin da ake sayarwa yau da sunan tsohuwar fitilar Faransa daga wannan zamani ya fito.

Yadda ake gane tsohuwa

Da wuya a sami fitilar da ta kai shekara ɗari biyu ba a taɓa ta ba. Duwatsu suna fashewa a sauya su, an huda rassa da yawa don a ratsa bututun gas ko waya, wasu ma an haɗa su ne daga yankunan fitilu biyu ko uku. Masana sukan kwance ta su duba bayan yankunan. Mai shafa zaiba ba ya ɓarnar zinariya a inda ido ba ya kaiwa, don haka bayan yakan zama ba ruwan zinariya, alhali wadda aka tsoma a kwamin lantarki takan kama ko'ina. Zaren tsofaffin kusoshi da hannu aka yanka shi, ba ya zama daidai. Dutsen asali ya fi gilashi sanyi a hannu, yana da 'yan tsage-tsage a ciki, gilashi kuwa kumfa ake gani. Akwai kuma hatimin harafin C mai kambi, na harajin da aka ɗora wa kayan tagulla daga 1745 zuwa 1749. Yana nuna kayan sun ratsa kasuwa a waɗannan shekaru, amma an sha buga na jabu. Goge irin wannan fitila da man goge tagulla yana kankare zinariyar, darajarta ta faɗi.

Dangantaka da ƙasar Hausa

Fitilun rataye da ake gani a masallatan Juma'a, da ɗakunan taro, da gidajen masu hali a garuruwa irin su Birnin Kebbi, Kalgo da Gwandu na zamani ne, ana shigo da su galibi daga Sin, Turkiyya da Dubai. Siffarsu ta kwando da igiyoyin gilashi ta gaji ta zamanin Napoleon, amma jikinsu siririn ƙarfe ne da aka rina, duwatsun kuma gilashin inji ne ko roba. Sana'o'in biyu da ake buƙata don yin ta da hannu suna nan a garin Bida, inda ake da maƙeran tagulla da kuma 'yan Masaga masu narka gilashi su yi ƙarau da tsakiya.

Abin da ya fi kusa shi ne zaiba. Masu haƙar zinariya da hannu a yankin Yauri na kudancin jihar Kebbi, da Zamfara da Neja, suna amfani da haɗin da maƙeran Paris suka yi amfani da shi, sai dai ta fuskar da ta saɓa: suna zuba zaiba a niƙaƙƙen dutse ta kama zinariyar, su matse a ƙyalle, su ƙona dunƙulen a fili, wani lokaci a cikin gida. Tururin ɗaya ne, cutar ma ɗaya ce, kuma ta fi illa ga masu juna biyu da ƙananan yara. Wannan daban yake da gubar darma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, wadda ta fito daga ƙurar dutsen da ake niƙawa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙananan masu haƙar zinariya ne ke sakin fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaibar da ɗan Adam ke fitarwa cikin iska. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017 kuma Najeriya na cikinta, ta buƙaci ƙasashe su hana ƙona haɗin a fili da cikin unguwanni. Na'urar da ake ba masu haƙa shawarar amfani da ita rufaffen bututun ƙarfe ne da ake ƙona dunƙulen a ciki, tururin ya bi ta ɗaya bakin ya huce cikin ruwa, zaibar ta dawo ruwa a sake amfani da ita.